Yadda Ake Girka Akwatin Kifi Na Hannu Ba Tare Da An Kashe Ƙwayoyin Filtarsa Ba

Wanda ya sayi akwatin kifin ado na hannu yakan zuba ido a kan gilashi da fitila da teburin ɗorawa, alhali abin da ya fi daraja a cikin cinikin shi ne wannan soson mai launin ƙasa da ke cikin filta, na'urar tace ruwan akwatin, wanda ido ke gani kamar datti. Gilashi ana samun sa a kasuwa kowace rana. Abin da ke zaune cikin soson nan kuwa, wato tarin ƙwayoyin halitta masu tsabtace ruwa, sai an yi mako 4 zuwa 6 ana renonsa kafin ya kankama, kuma mutum yana iya hallaka shi cikin minti goma a bakin famfo, da kyakkyawar niyya, yana cewa tsafta yake yi.

Kifi yana fitar da amoniya a cikin ruwa, ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe amoniya yake zama. Guba ce, ko kaɗan ce tana ƙona wurin da kifi yake numfashi. A cikin filtar da ta daɗe tana aiki akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, irin su Nitrosomonas, masu juya amoniya zuwa naitirayit (NO2). Ita ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Sai wasu ƙwayoyin, waɗanda a akwatunan ruwan daɗi galibi Nitrospira ne, su juya ta zuwa naitiret (NO3), wadda illarta ba ta kai ta biyun farko ba, kuma ana rage ta ne da canjin ruwa. Waɗannan ƙwayoyi ba sa yawo a cikin ruwa sosai. Manne suke a jikin soso, da zoben tangaran ɗin nan na cikin filta, da tsakuwar ƙasan akwati. Lamarin ya yi kama da ƙwaryar nonon Bafulatana: ragowar kindirmon jiya ne yake sa madarar yau ta yi barci, wadda ta kankare ƙwaryar tas kuwa sai ta nemi tsami a wurin maƙwabciya.

Abu uku suke bukata: danshi, iska da abinci. Abu uku kuma ke kashe su da wuri: bushewa, sinadarin kulorin, da zama cikin rufaffen wuri babu ruwa mai gudu. Duk tsarin ranar ɗauko akwatin a kan wannan za ka gina shi.

Tun kafin a biya kuɗi

Ka roƙi mai sayarwa kada ya kashe filtar, kada kuma ya wanke komai sai ka zo. Ka nanata masa, domin yawancin masu sayarwa suna son a tarar da kaya fes. Idan ka je, ka tambaye shi tun yaushe filtar take aiki, kifi nawa ne a ciki kuma wane iri, yaushe aka cire kifi na ƙarshe, da kuma ko an yi mace-mace ko an zuba magani a watannin nan.

Amsoshin nan su ne za su faɗa maka abin da kake saye. Yawan ƙwayoyin da ke cikin filta daidai yake da yawan dattin da suka saba samu. Filtar da ta ɗauki ƙananan kifayen gofi biyar ba za ta riƙe manyan golfish shida a rana ɗaya ba, ko da ta shekara uku tana aiki. Idan an yi makonni babu kifi amma soson yana jiƙe, ƙwayoyin sun ragu, sai dai sukan farfaɗo. Idan soson ya bushe ƙayau a bayan ɗaki, to ka ɗauka sabuwar filta ka saya, kuma ka rage farashi a kan haka.

Akwai inda ni ba na sassauci. In kifayen mutumin sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, suna ramewa, ko da gyambo a jiki, ko baya ya lanƙwashe, kada ka yi kwaɗayin tsohuwar filtar. Ka zubar da soson da tsakuwar, ka tsabtace akwatin, ka fara daga farko. Jiran mako shida ya fi shigo da cuta sauƙi. Wata cutar ma, wadda ƙwayar Mycobacterium marinum ke kawowa, tana kama fatar mutum ta wurin rauni, don haka mai yanka a hannu ya sa safar roba kafin ya tsoma hannu a ruwan da bai san tarihinsa ba.

Sai ka duba akwatin yana cike da ruwa. Ka bi kusurwoyinsa da yatsa, inda aka liƙe gilashi da silikon. Idan liƙin ya ɗago, ko ya yi tauri yana marmashewa, ko ka ga kumfar iska a tsakanin gilashi da gilashi, yoyo yana hanya. Ƙarcen da ke jikin gilashi muni ne kawai, amma tsaga ko ɓantarewa a kusurwa dalili ne na fasa cinikin. Ka leƙa bayan filta da hita ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta. Kayan da aka shigo da su daga Amurka da yawa na bolt 110 zuwa 120 ne, wutarmu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce, kana jonawa kai tsaye ya ƙone.

Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000, lita ke nan. Akwati mai 90 da 30 da 40 yana cin lita 108. Kowace litar ruwa kilo ɗaya ce, ga tsakuwa ga nauyin gilashi, jimilla ya haura kilo 130. Teburin falo mai siraran ƙafafu ba na wannan aikin ba ne.

Ranar ɗauka

Ka tafi da bokiti uku waɗanda omo ko sabulu bai taɓa shiga ba, da jarkoki masu tsafta, da tiyo, da ragar kama kifi, da tsohon bargo ko kwali. Idan da kifi za a ba ka, a daina ba su abinci awa 24 kafin tafiya, don kada su ɓata ɗan ruwan da za su yi tafiya a ciki. A lokacin bazara ka yi sammako. Bokitin ruwa a bayan mota da azahar ɗin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato yana iya dafa kifi da ƙwayoyin filta gaba ɗaya.

Fara da cire hita daga soket, ka bar ta minti 15 a cikin ruwa ta huce, domin gilashinta yana fashewa idan ya fito da zafi. Filta ita ce ta ƙarshe da za a kashe. Kafin kowa ya taɓa tsakuwa, ka ja ruwan sama mai tsabta da tiyo zuwa jarkoki, kamar rabin abin da ke akwatin. Ba don ƙwayoyi ake ɗaukar wannan ruwa ba, kaɗan ne a cikinsa. Ana ɗaukarsa ne don kifin ya saba da shi, kada ya faɗa cikin ruwa mai wani yanayi dabam farat ɗaya.

Ka zuba daga ruwan nan a bokiti biyu. Ɗaya na kifi, a cika shi zuwa rabi, a rufe da murfi mai huji. Ɗayan na kayan cikin filta. Ka buɗe filtar, ka ciro soso da zoben tangaran, ka tsoma su a ruwan ya rufe su kaɗan, ka bar sarari a sama don girgizar hanya ta riƙa shigar da iska. Kada ka matse soson, kada ka ɗauraye shi. Idan filtar irin babbar nan ce mai kama da tukunya wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, kada ka bar kayan a kulle cikinta. Cikin 'yan awoyi iskar da ke ciki take ƙarewa, ruwan ya fara wari. Idan kana da ƙaramin famfon iska mai batir, ka jefa dutsensa, wanda kumfar iska ke fitowa ta jikinsa, a bokitin kifi, in hanya da nisa ka riƙa sauya shi tsakanin bokitan biyu.

Sauran ruwan a zubar da shi duka, a kwashe tsakuwa a bokiti na uku da ɗan ruwa a kanta. Ba a ɗaga akwatin gilashi da ruwa ko tsakuwa a ciki, ko da taki ɗaya ne, domin nauyin yana murɗa liƙin ƙasa, yoyon kuma ba lallai ya bayyana a ranar ba. Mutum biyu su tallabe shi ta ƙasa, a ɗora shi a miƙe bisa bargo. A daidaita sahu yana yi wa ƙaramin akwati idan wani ya riƙe shi a cinya, babba kuwa mota yake so.

Da isa gida, filta tukuna

A nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Akwatin da aka yi tafiya da shi yana bukatar gwajin yoyo na kwana ɗaya ko biyu, filta kuma ba ta iya jiran kwana biyu a kashe. Mafita ita ce a raba su. Ka samo babbar roba mai tsafta, ka juye tsohon ruwan jarkoki a ciki, ka mayar da soso cikin filta, ka kunna ta a robar, ka saki kifin a nan, ka rufe da raga don kada su yi tsalle ko kyanwa ta leƙo. Yanzu ƙwayoyin suna da ruwa mai gudu da abinci, kai kuma ka samu sararin yin aikin gilashi a natse.

Kafin ka kunna ta, ka shinshina soson. Lafiyayyen soso ƙamshin ƙasar da ruwan sama ya jiƙa yake yi. Idan warin ruɓaɓɓen ƙwai ka ji, iska ta ƙare masa a hanya: ka zubar da ruwan bokitin, ka jijjiga soson a hankali cikin wani tsohon ruwan, kuma daga nan kada ka dogara da filtar sai gwaji ya tabbatar. Ka zaro 'yar farfelar da ke cikin injin, ka goge majinar da ta taru a jikinta, ka mayar. Sau da yawa ƙarar da tsohuwar filta take yi daga nan ne. Idan akwai jakar baƙin gawayi a ciki, ka jefar, aikinsa ya ƙare tun cikin makonnin farko da aka sa shi.

Akwatin kuma a wanke shi da ruwa zalla da sabon tsumma. Farin tabon da ya daskare a saman gilashi, ruwan khal yana narkar da shi, sai a ɗauraye sosai. Ban da omo, ban da sabulu, ban da man goge gilashi. Ka ajiye shi a waje a shimfiɗaɗɗen wuri, ka shimfiɗa jarida a ƙarƙashi, ka cika shi da ruwa, ka yi alama a matakin ruwan. Jarida tana tona asirin ko ɗigo ɗaya ne.

Tsakuwa tana da magana. Akwai ƙwayoyi masu amfani a jikinta, amma a ƙarƙashinta akwai dattin shekaru, wanda da zarar an motsa shi zai watsu. Ra'ayina shi ne a ɗauraye ta, sai dai da ruwan da aka cire wa kulorin, a yi ta juyawa ana tsiyayewa har ruwan ya daina baƙi. Abin da ka rasa na ƙwayoyi filta za ta cike shi. Idan ta yi wari ko baƙi ƙirin a ƙasa, ka sayi sabuwa.

Girkawa da zuba ruwa

Ka zaɓi wurin da rana ba ta bugawa kai tsaye, in ba haka ba gansakuka za ta rufe gilashin, ruwan kuma ya yi ta zafi da rana yana sanyi da dare. Teburin ya tsaya daidai ta kowane gefe. Zuba ɗan ruwa santimita biyu ka duba ko ya taru a gefe guda, idan ya karkata ka gyara ta ƙafar tebur, kada ka cusa komai ƙarƙashin kusurwar gilashi. Akwatin da ba shi da firam a ƙasa a shimfiɗa masa farin soson nan da ake naɗe talabijin da shi. Kowace wayar wuta ka bar ta ta sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ruwan da ya bi waya ya ɗiga ƙasa maimakon ya shiga wuta.

Ka shimfiɗa tsakuwa, ka ɗora faranti a kai, ka riƙa zuba ruwa a kan farantin.

Wane ruwa? Ruwan famfo na hukumar ruwa akwai kulorin, dole a sa masa maganin cire shi kafin ya taɓa filta. Seachem Prime, alal misali, mililita 5 ne ga lita 200, wasu magungunan kuma ma'auninsu na jikin kwalba. Ajiye ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu yana fitar da kulorin, amma ba ya fitar da ɗan'uwansa kuloramin, don haka magani ya fi kwanciyar hankali. Ruwan burtsatse galibi babu kulorin, sai dai yana fitowa da ƙarancin iska, a bar shi ya kwana da famfon iska a ciki. Ruwan rijiya a unguwa mai cunkoso yakan zo da naitiret tun daga tushe, ka gwada shi. Ruwan 'yan garuwa kuwa ka tambayi inda suka ɗebo, ka kuma shinshina jarkar, domin ɗigon kananzir ya isa ya gama da akwati. Ruwan sama zalla bai dace ba: babu gishirin ma'adinai a cikinsa, ma'aunin pH ɗinsa, wanda saukarsa ke nuna ruwa yana tsami, yana faɗuwa da sauri, ƙwayoyin filta kuma suna rage aiki idan ya sauka ƙasa da 6.5, su kusan tsayawa a 6.

Idan akwatin ya kai rabi da sabon ruwa, ka bar shi ya yi ɗumi ɗaya da na roba, sannan ka juyo tsohon ruwan, ka maido filta ka kunna. Hita sai ta yi minti 15 a nutse kafin a jona ta. Yawancin kifayen ado na ƙasashe masu zafi suna son digiri 24 zuwa 28. Wasu suna ganin hita ba ta da amfani a Arewa, har sai daren hunturu ya zo sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, ciwon farin ɗigo ya ɓarke a jikin kifi. Golfish shi ne ba ruwansa da hita, ya fi son sanyi.

Ka sa kifin a leda ko ƙaramar roba da ruwan da suke ciki, ka bar ta tana yawo a saman akwatin minti 15 zuwa 20, kana ƙara kofi ɗaya na ruwan akwatin lokaci-lokaci, sannan ka sake su. Ka kashe fitila, ranar nan babu abinci.

Makonni biyun farko

Maganar mai sayarwa ba hujja ba ce, tsabtar ruwa a ido ma ba hujja ba ce, domin amoniya ba ta da launi. Ka nemi kayan gwaji na ɗigawa, irin na kamfanin API, ka duba ranar ƙarewar aikinsu. A nasu, gwajin amoniya rawaya yake nunawa idan babu, kore idan akwai. Na naitirayit shuɗi mai haske ne idan babu, shunayya idan akwai. Kwalba ta biyu ta gwajin naitiret sai an girgiza ta sakan 30 da ƙarfi, in ba haka ba za ta nuna ƙasa da gaskiya. Abin da kake nema: amoniya 0, naitirayit 0, naitiret ƙasa da miligiram 40 a lita, tana hawa a hankali. Hawan nan shi ne shaidar filta tana raye.

Ka gwada kullum a makon farko. Abinci kaɗan, wanda za su cinye cikin minti biyu, rana ɗaya a ba su rana ɗaya a tsallake. Ba abin mamaki ba ne a ga amoniya ko naitirayit ta ɗan ɗago a kwana na biyu zuwa na biyar, tunda tafiya ta rage ƙwayoyin, su kuma ba masu saurin haihuwa ba ne, kusan yini guda suke ɗauka kafin su ninka. Idan ɗayansu ta kai miligiram 0.5 a lita, ko ka ga kifi sun taru a sama suna haki, ka canja kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan, ka dakatar da abinci, ka sake gwadawa washegari. Ruwan da ya yi fari kamar an ɗiga madara yakan washe da kansa cikin kwanaki, kada ya sa ka taɓa filta.

In babu kifi aka ba ka akwatin, kada ka bar filtar da yunwa, kuma kada ka ruga kasuwa. Ka riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum, ka ci gaba da gwaji. Idan kwanaki sun shuɗe amoniya da naitirayit suna 0, naitiret tana ƙaruwa, sai ka kawo kifi uku ko huɗu ƙanana. Ƙari sai bayan mako biyu, kaɗan-kaɗan.

Idan an ɗauke wuta

Littattafan kiwon kifi na Turai ba su cika tsayawa a kan wannan ba, amma a wurinmu shi ne babban abin da ke kashe filta bayan an sha wahalar kawo ta da rai. Tun ranar farko ka tanadi famfon iska mai batir, ko ƙaramin nan da ke aiki da fawa banki. Filta ba ta cin wuta sosai, mai sola ko inbata ya jona ta a layin da ba ya yankewa. Hita ce mai ci, ita kam a bar ta a layin gari.

Idan wuta ta wuce awa biyu ba ta dawo ba kuma babu wata hanya, ka ciro soson ka saka shi cikin akwatin kansa, kusa da dutsen iska. Babu famfon iska, ka riƙa ɗebo ruwa da kofi kana zubawa daga sama duk bayan ɗan lokaci. Kada a ba kifi abinci sai wuta ta dawo. Babbar filta mai kama da tukunya da ta daɗe a kashe, ka cire ta daga soket tun wutar ba ta dawo ba, ka zubar da ruwan da ya kwanta cikinta kafin ka sake kunnawa, don kada ta tura gurɓataccen ruwa kan kifi da tsakar dare. Haɗarin ya fi yawa a bazara: ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5, ga shi amoniya ta fi dafi a ruwan ɗumi.

A faɗa wa mutanen gida cewa duk ranar da za a fesa maganin sauro a ɗakin, a lulluɓe akwatin, a kashe famfon iska na ɗan lokaci har iskar ɗakin ta sauya, domin famfon iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa.

Wanke filta da sauya tsohon soso

Ka bar filtar mako 3 zuwa 4 ba ka buɗe ta ba, sai idan gudun ruwa ya ragu sosai. Ranar da za ka wanke, ka ɗebi ruwan akwatin a bokiti lokacin canjin ruwa na mako, wanda kashi 20 zuwa 25 ya wadatar, ka matsa soson sau biyu ko uku a ciki, ka mayar yana nan da launin ƙasarsa. Farar audugar da ke tare ƙananan datti ana iya jefar da ita a sa sabuwa kowane lokaci.

Soson na hannu wata rana zai saki, ya fara marmashewa. Kada ka sauya shi gaba ɗaya. Ka yanka shi biyu da almakashi, ka sa sabon rabi kusa da tsohon rabi, ka bar su tare wata guda, sannan ka cire tsohon ka cike da sabo. Haka ma idan kana son sayen sabuwar filta: ka zuba tsohon soso da zoben tangaran a cikinta, ko ka kunna su biyun tare na tsawon wata guda kafin ka kashe tsohuwar, kana gwada ruwan a makon da ya biyo baya.